Usta Bakri da Akwatin Sukari

A unguwar Faisal ta birnin Alƙahira kowa ya san Usta Bakri, sai dai ba kowa ya san Bahaushe ba ne. Misirawa suna ce masa Amm Bakri, wato Baffa Bakri Basudane, 'yan Sudan kuma suna ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Sai ka biyo bayansa da shi da matarsa Amna suna dawowa daga kasuwa, ka ji suna musu a kan tsadar albasa da wata irin Hausa ta mutanen da, sannan za ka gane.

A Mai Wurno aka haife shi, can bakin Shuɗin Nilu. Kakansa ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya noma ɗaya, noma ɗaya ya zama aure, aure ya zama zuri'a. Mahaifinsa Harun sassaƙar gadaje yake yi da icen bagaruwa, irin gadon igiya da 'yan Sudan ke kira angarib. Bakri ya tashi cikin ƙaiƙayin sassaƙa, ya iya riƙe gizago kafin ya iya ɗaura wando da kyau. Yana ɗan shekara goma sha biyar uban ya kai shi Omdurman wurin wani tsohon Bakibɗe, Kirista ɗan asalin Masar, Usta Girgis, mai gyaran tsofaffin kayan katako. Shekararsa ta farko a can bai taɓa zarto ba. Tsohon yakan ajiye masa kujera a gaba ya ce, "Gaya mini abin da ya same ta." In ya ce ƙafa ce ta karye, sai tsohon ya ce, "Wannan makaho ma ya sani. Wa yake zama a kai? Ta wane gefe yake tashi?"

Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a wannan sana'a. Bayan rasuwar Girgis shagon ya dawo hannunsa. Kayan Turkawa, na Italiyawa, na Ingilishi, duk sun bi ta kan bencinsa, har da na baƙin da ke zuwa aiki Khartoum su taho da kayan gidajensu. Bai yi arziki ba, amma ya aurar da 'ya'ya biyu, ya sa autarsa Israa a jami'a tana karatun haɗa magunguna.

Sai yaƙi ya zo cikin azumin shekarar 2023. Ba ya son ba da labarin hanyar. Abin da yake faɗa kawai shi ne, sun fito su uku da jaka biyu, sun yi kwanaki a bakin iyaka, sun hau jirgin ƙasa daga Aswan zuwa Alƙahira. Kayan aikinsa na shekara arba'in, waɗanda kowannensu hannunsa ya ci ƙotarsa, suna can a rataye jikin bango, in bangon yana nan.

A Faisal suka samu ɗaki biyu a hawa na huɗu. Wani ɗan Sudan mai suna Mu'tasim ya ɗauke shi aiki a shagon da ake harhaɗa kabad-kabad na matsattsen garin katako, irin wanda in ruwa ya taɓa shi yake kumbura kamar burodi. Bakri bai raina aikin ba, abinci ne. Amma Amna ta lura cewa in ya dawo gida ba ya ƙara shinshina tafin hannunsa kamar yadda ya saba a Omdurman. Ita kanta ba ta fita sai dole. Takan zauna gefen taga tana kallon shanyar mutane, ta ce garin nan ko sama sai an yi rabonta.

Ana nan, wata safiya cikin sanyin hunturu na biyu da zuwansu, Mu'tasim ya ce masa, "Usta, akwai aiki a Wustul Balad, can tsakiyar birni. Wata tsohuwa za ta tashi daga gida, dillalin tsofaffin kaya yana neman wanda zai kwance kabad ba tare da ya farfasa ba. Yalla, kai ne ka san irin waɗannan."

Gidan yana hawa na shida a wani tsohon bene mai dogayen tagogi, lif ɗinsa ya daɗe da mutuwa. Bakri ya hau yana hutawa a kowane hawa biyu. A sama ya tarar da dillalin, Munzir, mutum mai ƙiba da fara'a da waya biyu a hannu, yana liƙa 'yan takardu a jikin kaya. Mai gidan kuwa, Madam Eman, tana zaune a kujera ɗaya tsakiyar falo, tsohuwa 'yar shekara saba'in da biyar, ta rufe gwiwoyinta da bargo. A gidan nan ta girma, a nan aka kawo mata miji, a nan ya rasu. Yanzu gwiwa ta ƙi bene, ɗanta zai ɗauke ta zuwa gidansa a sabon gari can bayan Alƙahira, inda ɗaki ɗaya aka ware mata.

Bakri ya kwance kabad biyu kafin azahar. Ya nemi wurin alwala, Madam Eman ta nuna masa kicin. A nan, bayan ƙofa, ƙarƙashin tulin gwangwanayen zaitun da tsohuwar rediyo, ya ga wani akwati mai ƙafafu huɗu, tsayinsa iya ƙugu, da 'yar durowa a ƙasansa. Maiƙo da hayaƙin shekaru sun mai da shi baƙi. Ya tsaya da hannun riga a naɗe, ya manta da abin da ya kawo shi.

Da ya idar da salla ya koma falo. "Ya Hajja, ko za ki ba ni izini in sauke kayan da ke kan akwatin can?"

"Wancan? Sauke, ɗana. Tsummokara ne a ciki."

Ya sauke gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Ya jiƙa gefen rawaninsa ya goge kusurwa, sai ja mai duhu ya fito, kamar shayin da ya ji wuta. Ya ɗaga murfi ya sa kansa ciki ya shaƙa. Ya durƙusa, ya kwanta a gefe a kan tayil mai sanyi, ya leƙa ƙasansa da fitilar waya. Munzir ya shigo ya same shi a haka.

"Lafiya, Amm Bakri? Wannan ai aikin ƙauye ne. Na sa shi cikin tarkace. In na samu lokaci in sa a kankare shi da inji, a watsa masa fenti mai ƙyalli, wata amarya ta saka takalma."

Bakri ya tashi zaune. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma ya san shi ɗan ƙwadago ne a gidan, amma ya ce, "Ya Ustaz, in ka sa inji a jikin wannan, ka yanka saniya don ka sha romo ɗaya."

Munzir ya yi dariya. "To, karanta mini."

Bakri ya karanta masa. Ya nuna masa cewa katakon waje icen ceri ne, wanda ba ya tsiro a Masar ko Sudan, kuma shekaru ne suke ba shi wannan ja, ba rini ba. Ya nuna masa katakon ƙasa da na baya, wani fari mai ratsin kore, mai taushi, wanda Turawan Turai ba sa aiki da shi. Ya kama hannun Munzir ya bi da yatsunsa ƙarƙashin akwatin, ya ji tudu da kwari na askar hannu, babu sawun inji ko ɗaya. Ƙusoshin masu kusurwa huɗu ne. Haɗin kusurwoyin haƙori da haƙori ne, kowane haƙori da ɗan bambancinsa, har ana ganin siririn layin da mai aikin ya ja da wuƙa kafin ya yanka. Ciki kuma an raba shi biyu, babban gefe da ƙarami, ga makulli a gaba.

"Sau ɗaya na taɓa ganin ɗan'uwansa," in ji Bakri, "a Khartoum, gidan wani Ba'amurke mai aikin rijiyoyi. Shi ya gaya mini cewa a kudancin ƙasarsu, zamanin da, sukari abu ne mai tsada, sai a ƙera masa akwati a kulle, uwar gida ta rataya ɗan makullin. Babban gefen na sukari, ƙaramin na gahawa. Wannan ya haura shekara ɗari da hamsin, in ban yi kuskure ba."

Munzir ya daina dariya. Ya mai da wayoyinsa aljihu.

Muryar Madam Eman ta fito daga bakin ƙofa, ta taso da sandarta ba su ji ba. "Na Mis Lorena ne," ta ce. "Gaskiyarsa. Ba'amurkiya ce."

Suka kawo mata kujera, ta ba su labari. Mis Lorena malama ce, ta zo Masar tana budurwa ta koyar a wata makarantar 'yan mata a kudu, ta tsufa ba ta koma ba, ta kama wannan gida. Mahaifiyar Eman, Zakiyya, ita ta yi mata aiki shekara kusan talatin, girki da wanki, daga baya har da wanka da juyawa a gado. Da matar ta rasu ta bar musu kayan gidan. "Ina yarinya, a kan akwatin nan uwata take zaunar da ni ta yi mini kitso. Ga inda dugadugaina suke bugawa." Ta nuna da sanda. Lallai akwai wuri biyu a gaban akwatin da suka ɗan lotsa, suka yi santsi.

Munzir ɗan kasuwa ne amma ba azzalumi ba ne. Nan take ya ce ya cire akwatin daga cikin tarkace, za a yi masa ciniki dabam in an gyara. Ya tambayi Bakri abin da yake bukata.

"Kwana goma, kuma a nan. Ƙafar baya ta ruɓe, in aka sauke shi hawa shida a haka, gawarsa za ta isa ƙasa."

Mu'tasim ya ba shi rabin yini na kwana goma. Ranar Juma'a Bakri ya shiga kasuwar tsofaffin kaya ya tsinto kurfi biyu da ƙaramin zarto, ya zauna ya wasa su a kan dutse har suna aske gashin hannu. Ya sayo danƙon fata irin na da, wanda ake narkawa a ruwan zafi, da ɗan kakin zuma. Amna tana kallonsa yana jera su a kan tabarma. Sai ta ɗauko wani tsohon zanenta ta yayyaga masa tsumma.

Kullum bayan azahar yakan hau benen. Gidan yana ta raguwa, yau an fitar da tebur, gobe madubi, bango yana nuna farin gurbin hotuna. Shi kuwa yana kicin a zaune a ƙasa, yana cire dauɗa kaɗan-kaɗan da auduga, wurin da bai fi tafin hannu ba a sa'a guda. Madam Eman takan sa a kawo kujerarta bakin ƙofa, ta dafa musu shayi.

A kan murfin akwai baƙin zobe, inda aka taɓa ɗora tukunya mai zafi. Ta ce, "Wannan za ka iya fitar da shi?"

"Zan iya. Amma sai na ci fatar icen, kuma ba ta dawowa. Wa ya ɗora tukunyar?"

Ta dubi zoben, sai ta fashe da dariya. "Ni ce. Satin farko da aurena. Miyar lalo ce, molokiyya, kuma ta ƙone."

"To a bar miki shaidarki, ya Hajja."

Abin da ya fi ba shi wuya durowar ce. Ta ƙi fitowa, Madam Eman ta ce rabonta da buɗuwa tun ɗanta yana rarrafe. Da Bakri ya kwantar da akwatin ya ga dalili. Wani ya taɓa ƙoƙarin ƙarfafa ƙafar da ta fara ruɓewa, ya buga mata guntun katakon akwatin lemo da wata doguwar ƙusa, ƙusar ta zarce ta soke durowar ta baya.

"Allah Ya jiƙan maigidana," in ji ta. "Likitan haƙori ne. Cirewa ya iya."

Yini guda Bakri ya yi yana lallashin ƙusar, yana juya ta kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro, har ta fito ba ta tsaga komai ba. Durowar ta zamo da ɗan kuka. A ciki akwai maɓallai, da tsinken gashi, da wani ɗan ƙaramin takalmin jariri ƙafa ɗaya. Madam Eman ta karɓi takalmin ta riƙe a cinya. Bakri ya kifa durowar don ya duba gindinta, sai ga takarda a manne, ta yi launin ƙasa, da rubutun Turanci na alƙalamin tawada.

Madam Eman ta ce idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Bakri ba ya karanta Turanci. Ya ce kada a taɓa, gobe zai zo da 'yarsa.

Da ya gaya musu a gida, Israa ta ce za ta je. Can sai Amna ta ce daga gefen taga, "Matar nan ita kaɗai take yini?"

"Ita kaɗai, sai ni da ƙarar kurfi."

"To ba a zuwa wa mutum hannu rabbana." Ta tashi ta jiƙa garin kisra, wainar dawa ta mutanen Sudan. Bakri da Israa suka kalli juna. Wata takwas ke nan ba ta wuce kasuwar unguwa ba.

Washegari su uku suka hau metro, jirgin ƙasan cikin gari. Amna ta hau benen nan tana salati a kowane hawa, da ƙullin kisra da miyar kuɓewa. Munzir ma ya zo. Aka ɗora durowar a kan taga inda haske yake, Israa ta sunkuya tana karantawa a hankali tana mayarwa da Larabci.

Mis Lorena ce ta rubuta, a shekarar 1931, lokacin da aka aiko mata da akwatin bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta ce an ƙera shi a jihar Tennessee wajen shekarar 1840, don auren kakarta. Ta jera sunayen matan da suka gaje shi, uwa zuwa 'ya. Israa ta zo layin ƙarshe ta tsaya.

"Ci gaba mana," in ji Munzir.

"Ta ce, wanda ya ƙera shi sunansa Isham, kafinta, mallakin kakan mahaifiyata."

"Mallaki kamar yaya?" Bakri ya tambaya da Hausa.

"Bawa ne, Baba."

Bakri ya sa babban yatsansa a kan haƙoran kusurwar, inda siririn layin wuƙar yake. Kwana shida yana hira da mutumin nan ta hanyar aikinsa. Ya san bahago ne, don yadda askar ta bi. Ya san mai haƙuri ne, ya san akwai wuri ɗaya a baya da kurfi ya kuɓuce masa ya toshe da ɗan sili, yadda shi ma zai yi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mutumin ba shi da ikon kansa ba.

"Hisham?" ya ce.

"A'a, Isham, babu ha. Ina jin sunan Turawa ne. Ba ta faɗi daga inda aka kawo shi ko iyayensa ba."

"Allah Ya san sunan da uwarsa take kiransa." Ya dubi makullin. "Shi ya fafe gurbin wannan, ya daidaita shi, ya gwada ya ga yana kullewa. Sannan aka zuba sukari aka kulle, da shi da 'ya'yansa suna waje." Ya girgiza kai. "Kuma duk da haka bai yi ha'inci a aikin ba. Dubi ƙasan nan da babu mai gani, ya gyara shi kamar fuska."

Munzir ya share murya. Ya ce wannan takarda ta ɗaga darajar akwatin ƙwarai, masu tara irin waɗannan kaya asali suke saye kafin katako. Zai buga takardar shaida da sunan shagonsa: iyalin Tennessee, sai Mis Lorena, sai Madam Eman.

"Ya Ustaz," in ji Bakri, "ka fara da wanda ya yi."

"Ai za a ambace shi a ƙasa."

"A ƙasa ya kwana shekara casa'in yana kallon tayil. Ka sa shi a sama."

Madam Eman ta buga sandarta. "Ka sa shi a sama, ya Munzir. Kuma tsakanin Mis Lorena da ni ka rubuta Zakiyya. Shekara talatin tana goge akwatin nan da man zaitun duk Alhamis. Ba a taɓa rubuta sunanta a kan komai ba, ko a ƙofar gidan nan."

Munzir ya ɗaga hannu biyu. "Khalas, shi ke nan. Kun fi ni yawa."

Aka shimfiɗa jarida a ƙasan falo, don teburin cin abinci ya riga ya tafi, aka ci kisra. Madam Eman ta ci da hannu tana yaba miyar. Suna cikin ci ta dubi bangon da babu hotuna, sai hawaye. Ta ce shekara saba'in, ta san kukan kowace ƙofa. Sai kuma ta tuna da waɗanda take gaya wa, ta kama hannun Amna. "Ma'alish, 'yar'uwata, ki yafe ni. Ni da mota za ta zo ta ɗauka zuwa gidan ɗana nake kuka a gabanki."

Amna ta juya hannun ta riƙe nata. Larabcinta na Sudan ne, a hankali take yinsa. "Yi kukanki, ya Hajja. Barin gida ba shi da ƙarami. Ni ban samu na yi nawa ba, gudu muke yi. Bari in taya ki, in sa nawa a ciki."

Suka yi kukansu su biyu. Bakri ya tashi ya koma kicin, Munzir ya tuna yana da kira, Israa ta tattara kwanuka.

Sauran kwanakin ya yi su a kan ƙafar. Ya yanke iya inda ya ruɓe, tsawon yatsa huɗu, bai ƙara ko kaɗan ba. Icen ceri ya gagara samuwa, sai Munzir ya tono masa wata karyayyiyar firam ta hoto a ɗakin ajiyarsa. Bakri ya fere, ya haɗa da danƙon fata, don in wani gwani ya zo bayan shekara ɗari ya ga bai yi ba, ya sa ruwan zafi ya cire ba tare da ɓarna ba. Ya daidaita launin ta waje har sai ka durƙusa za ka gane, ta ciki kuwa ya bar shi fari. Munzir ya ce me ya sa bai ɓoye duka ba. Ya ce, "Gyara ne, ba ƙarya ba." A ƙarshe ya shafa kakin zuma ya murza da tsumman zanen Amna, jan icen ya taso a hankali, da zoben tukunyar, da gurbin dugadugan, kowanne a wurinsa.

Ranar da ya gama, jikar Madam Eman, Reem, ta zo taya ta haɗa kaya. Budurwa ce mai aikin zanen gine-gine. Ta tsaya a gaban akwatin ta ce wa kakarta, "Teta, wannan a gidan nan yake tun da?" Kakar ta sa ta karanta takardar, ta nuna mata inda dugadugai suka ci. Da Munzir ya iso da labarin cewa ya samu mai saye, Madam Eman ta ce masa ta fasa sayarwa.

"Ɗakin da aka ba ni ƙarami ne, na sani. A fitar da kabad ɗin, kayana su zauna a jaka. Bayan raina na Reem ne."

Munzir ya dafe ƙirji kamar an soke shi, ya ce Amm Bakri ya gyara masa ciniki har ya gyara shi daga hannunsa. Amma ya kawo takardar shaidar kamar yadda ya yi alkawari, Isham a layin farko, Zakiyya a wurinta. Reem ta ce saura sunan wanda ya gyara. Bakri ya ce ba a saba ba, mai gyara baƙo ne, ya zo ya wuce. Madam Eman ta miƙa wa Israa biro ta ce kada ta saurare shi. Israa ta rubuta: Bakri ɗan Harun, mutumin Mai Wurno, ya gyara ƙafar baya ta hagu a Alƙahira.

Bakri ya tambaya ko a yanko wa makullin sabon ɗa, ya san mai yi a kasuwar Ataba. Tsohuwar ta ce a'a, ya kullu iya kulluwarsa.

Shi da kansa ya naɗe akwatin da barguna, ya bi masu dako hawa shida yana cewa a hankali, a hankali, har suka gaji da shi. Ya tsaya a bakin titi sai da motar ta sha kwana.

Bayan sati biyu Munzir ya kira shi. Yanzu kwana uku a mako Usta Bakri yana bayan shagon tsofaffin kaya a Wustul Balad, da bencinsa da tukunyar danƙonsa, sauran kwanakin yana wurin Mu'tasim, don ya ce wanda ya ba ka ruwa ranar ƙishi ba ka wuce shi don ka ga kogi. Israa ta samu aiki a wani kantin magani, tana neman hanyar ƙarasa karatunta. Amna da Madam Eman suna waya duk Juma'a, rabin hirar ba sa jin juna, ba ya hana su. Maganar komawa Omdurman kuwa tana nan, a yi ta yau a bar ta gobe.

Labari ya bazu a Faisal cewa akwai tsohon da ke tayar da mataccen katako. Mutanen da suka fito da abu ɗaya tak daga gidajensu suka fara hawa benensa: wannan da allon karatun kakansa da ya tsage, wannan da akwatin turaren aurenta da murfinsa ya ɓalle a hanyar Halfa, can bakin iyaka. Yakan karɓa da hannu biyu, ya juya, ya shinshina, ya ce, "Zauna ka gaya mini na wane ne." Yawancinsu ba ya karɓar komai.

Rannan wata mata 'yar garin Madani na Sudan ta tafi da turminta na gahawa da ya ɗinke mata, tana ta sa albarka. Amna ta rufe ƙofa, ta zo ta zauna a kujerarsu ɗaya tilo ta katako, kujerar ta karkata ta yi ƙara.

"Malam," ta ce, "ita wannan sai ta shekara ɗari da hamsin tukuna?"

Ya dube ta ta saman tabarau, ya yi murmushi. "Tashi in gani," ya ce, ya jawo jakar kayan aikinsa.